Tanon Irin Wake na Muttaƙa

Muttaƙa ɗan Halilu bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Tun yana yaro a ƙauyensu na gabas da Guci uwarsa ke cewa ƙafarsa ƙaiƙayi take. Ya yi tallan rake, ya yi kabu-kabu a Magarya har ya kayar da wata tsohuwa da ƙwaryar nononta, ya shiga koyon ɗinki ya gudu tun bai iya wuyan riga ba. Yayansa Ɗantsoho, wanda ya riƙe gida bayan rasuwar ubansu, ya yi faɗa har ya gaji, ya koma binsa da ido.

A wani cin rani a Damagaram abin ya kama shi. Ya samu aikin ɗaukar kaya wa wasu makaɗan zamani masu zagaya gidajen biki. Kowa idonsa na kan mai waƙa, shi kuwa Muttaƙa nasa na can baya, wajen wani mutum marar fara'a da ke rungume da doguwar jita mai tsirkiya huɗu. Bas suke ce mata. Ba a kunne yake jinta ba, a ciki yake jinta, ƙasan cibiya. Mutumin ya koya masa inda ake ɗora yatsu, ya kuma koya masa yadda ake zaɓen mai kyau.

Ranar da ya shiga shagon gwanjo, mai shago ya miƙo masa wata ja mai ƙyalli, har kana ganin fuskarka a jikinta. Muttaƙa ya kanne ido ɗaya ya bi wuyanta da kallo yadda ake duba ƙotar hauya, ya ga ta karkace, ya mayar. Ya ɗauko wata baƙa da fenti ya ɓare mata, ya ɗora haɓarsa a kanta, ya ja tsirkiyar da ta fi kauri. Haƙoransa suka yi rawa. Ita ya kawo gida.

To, ga bas, ina kuran, wato lantarki? Ƙauyen ba wuta, balle ampili, akwatin nan da ke ɗaga murya. Bas kuwa in ba ampili raɗa take yi. Ɗantsoho ya saurara, ya taɓe baki.

"Wannan ce dukiyar cin ranin? Ko kaza ba za ta kora daga shanya ba."

Muttaƙa bai kula ba. Mutumin da bai taɓa tuna inda ya yar da takalminsa ba, sai ga shi yana rataye bas a azara saboda gara, yana shafa wa wuyanta man gyaɗa da tsumma, yana kare ta daga rana kamar jaririya. In tsirkiyoyi suka dakushe da gumi, ya kwance su ya tafasa, su dawo da sauran rai. Ranar da matarsa Zuwera ta tarar da wayoyi na zaɓalɓala a tukunyar miyarta, sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Daga baya ta nemo masa tsohon gwangwanin madara, ta ce nan ce iyakarsa.

A zauren gidan Muttaƙa akwai tano na ƙarfe, irin wanda ake zuba mai, da suke ajiye irin wake. Da kaka a cika shi, a ɗaure bakin da roba don kada iska ta shiga ƙwari su rayu, ba mai taɓawa sai ranar shuka. Wata damina, bayan an shuke waken tano ya zama wayam, Muttaƙa ya jingina kan bas da jikinsa don ya huta da kafaɗa, ya ja tsirkiya. Wayyo! Zaure ya ɗauka, awaki suka zabura, shi kansa sai da ya waiwaya. Ampilinsa ke nan, ashe yana zaune a gida.

Daga nan shekararsa ta rabu biyu. Daga shuka zuwa kaka tano fanko ne, yana magana, bayan la'asar matasa su taru a ƙofar zaure, mata na daka suna bin kiɗan da taɓarya. Daga kaka zuwa shuka tano cike yake, bebe ne, sai Muttaƙa ya koma ga haɓarsa, shi kaɗai ke jin abinsa. Watannin nan su ne suka fi sa shi zirga-zirga.

Bara damina ta ɗauke da wuri. Gero bai kai ko'ina ba, amma dai an cika tano da iri an ɗaure. Muttaƙa ya tafi Damagaram bugun bulo, bai daɗe ba ya dawo, wai ya manta bai sassauta igiyar ratayen bas ba. Ya ce zai koma jibi. Jibi ta zama wani sati, wani sati ya zama bazara.

Wata la'asar ya jingina bas da tano don sabo kawai, ya ja tsirkiya, sai ya ji wani ɗan amo daga sama-sama. Tano cikakke ba ya amsawa. Ya dubi robar bakin, ya ga ɗaurin ba nasa ba ne.

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To kunnen Muttaƙa ya ji, sarai kuwa. Amma me ya yi? Ya sake jan tsirkiya! Da yamma Zuwera ta ajiye masa ɗanwake da mai da yaji, ya cinye, ya sha ruwa, bai tambayi inda aka samo ba. Yana tsoron amsar, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da ta fi muni: amon yana yi masa daɗi. Kowane sati muryar tano na ƙara zurfi, yana ƙara sauko da kan bas ƙasa yana neman inda waken ya tsaya. Ya buga kaɗan, ya tashi ya fita gona ya duba sama, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Ya ce wa kansa gobe zai yi magana. Kai, Muttaƙa, wane irin mutum ne kai?

Ruwan farko ya sauka, aka shuka gero. Gero ya tsiro, lokacin bin sa da wake ya yi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da hantsi Muttaƙa ya kwance robar ya leƙa. Abin da ya rage ko gindin tanon bai gama rufewa ba. Ya ƙwala wa Zuwera kira da muryar da shi ma ya san ta aro ce.

Ta zo tana goge hannu da zane, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, kada ka yi mini kallon ɓarauniya. Rumbu ya ƙare tun kana bugun bulo. Yara uku, me zan ba su, tsirkiya?"

"Ai da kin faɗa mini."

"In faɗa maka? Ni sai na zura hannu har kafaɗa nake sanin inda ya kai. Kai daga zaune kake ji. Kullum ina tsakar gida ina sauraro, ina cewa yau zai tambaye ni. Sai in ji ka ƙara kiɗi."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya zura takalmi ya fita. Ya nufi gona, ya fasa. Ya nufi masallaci, ya fasa. A ƙarshe ƙafar ta kai shi inda ya fi ƙin zuwa, ƙofar Ɗantsoho. Tun da ya yi aure bai taɓa roƙon yayansa ko tiya ɗaya ba, don kada a goranta masa bas.

Ya tarar da shi a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, lafiyar iyali, kyan tsiron gero. Ɗantsoho bai ɗago ba.

"Iri ka zo nema."

"Yaya, wa ya faɗa maka?"

"Wa ya faɗa mini? Kai ka yi ta shela tun bazara. Duk ƙauyen nan ba wanda bai san inda wakenku ya kai ba. Kowa na rufa asirin gidansa, kai kana buga naka da la'asar."

Muttaƙa ya sunkuyar da kai yana jiran sauran faɗan. Bai zo ba. Ɗantsoho ya ajiye hauya, ya nuna kusurwar zaure da haɓa, inda nasa tanon yake a ɗaure tsaf da roba.

"Kai mai kunne, je ka ƙwanƙwasa."

Muttaƙa ya tashi ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Tanon ya amsa tun daga baki har gindi, ya daɗe yana amo. Ya fi na Muttaƙa zama wayam.

Can Ɗantsoho ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Da na ji naka ya fara, na so in zo in yi maka faɗa. Na rasa bakin yi." Ya ɗauki hauyarsa ya ci gaba da fiƙe ƙota. "Ƙasar nan ba za ta jira mu ba. Gobe da asuba zan kai tunkiyata kasuwar Magarya in sayo iri. Kai me za ka kai?"

Muttaƙa ya yi masa sallama ya fita. Ya koma gida, ya sauko da bas daga azara, ya zauna ya ɗora ta a cinya. Karo na farko a ranar bai ji yana son tashi ba. Ya murɗa kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya har tsirkiyoyin suka saki, don kada wuyan ya wahala a hanya, ya goge ta da tsumma sama da ƙasa. Sannan ya ɗaga murya.

"Zuwera, ara mini tsohon zaninki in naɗe ta. Mai kauri, hanyar Magarya akwai gargada."