Maganin Da Na Gwada A Kan Babana

A wancan lokacin ina digiri na biyu a jami'ar da ke Samaru, ina karantar yadda magunguna ke aiki a jikin mutum, kuma ni ce 'yar da ake nunawa a gidanmu. Babana malamin firamare ne da ya yi ritaya, muna zaune a unguwar Palladan, shi ke koyar da mawaƙan cocinmu. Ciwon ya soma masa da ƙananan abubuwa, sai ya tsaya tsakiyar waƙar da shi ya koya wa kowa, baitin ya ɓace masa. Ranar da ya kasa gane hanyar gida daga unguwar PZ, har wani mai gyaran agogo ya rako shi, muka kai shi asibiti. Likita ya ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne ke mutuwa a hankali, babu abin da zai dawo da su, sai kulawa da haƙuri.

Zuciyata ta ƙi yarda. Na bar aikina na makaranta, kullum ina laburare, har na ci karo da bayani kan wata 'yar ƙofa da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Idan wasu sinadarai masu cin jiki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, suka taru, sai ƙofar ta buɗe, sinadarin kalsiyam ya yi ta kwarara ciki har ƙwayar ta mutu. An ce wani maganin ciwon jiki na toshe ƙofar. An kuma rubuta ƙarara cewa a ɗakin gwaji aka gani, ba a jikin ɗan Adam ba. Na karanta wannan layin da idona, na tsallake shi.

Na je wani kemis a Sabon Gari na sayo ɗan'uwan maganin, na riƙa daka shi ina zuba wa Baba a kunu, fiye da yadda ake sha. Da Mama ta tambaya, na ce malamanmu ne suka ba da shawara. Ƙarya nake yi. A mako na uku Baba ya kira sunana daidai bayan ya daɗe yana rikita shi, na shiga ɗaki na yi kukan murna, na ƙara yawan maganin. Daga nan ya soma dafe ciki yana ture abinci, ga shi ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. Mama ta ce bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, na ce mata ba komai ba ne.

Wata Lahadi da safe, muna sa masa riga za mu coci, ya yi aman jini ya faɗi. A asibiti likita ya tambayi abin da Baba yake sha. Mama ta juyo ta ce, "Ki faɗa masa mana, ai ke kika san sunansa." Na faɗa. Likitan ya ce maganin ne ya cinye masa ciki. Aka ƙara masa jini, ya rayu, amma bai sake tashi da ƙafarsa ba har ya rasu bayan wasu watanni.

Kafin rasuwarsa na durƙusa gaban gadonsa ina roƙon gafara. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa, ya ce, "Yarinya, wa ya taɓa ki? Tashi ki tafi gida, babanki na nan yana jiranki."

Mama ta yafe mini, ni ce har yau ban iya ba. Na gane ba Baba kaɗai nake son ceta ba, tsoron ranar da zai manta ni ne ya rufe mini ido. Duk mai jinyar tsoho irin nawa, ina roƙonka, kada ɗan karatun da ka yi ya sa ka ɓoye wa likita ko wa 'yan gida abin da kake ba shi. Wanda ba ya iya cewa cikinsa na ciwo, amana ce a hannunka. Ka zauna kusa da shi, ka ba shi abinci, ka bar gwaji ga masu shi.