Turken da na matsar a burtalin Dikko

Shekara tara ke nan da rasuwar Dikko, kuma a tsawonsu babu wawan da ya kai ni a ƙasar Gangara. Ana ce mini Malam Ari saboda furfura ne kawai. Bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma wata uku na yi na gudu. Mai karatu ya yi haƙuri da rubutun.

Dikko Bafulatani ne, ni Babarbare, kun san wasan da ke tsakani. Yana ce mini bawansa, ina ce masa ɓarawon kara. Burtalin da shanunsa ke bi zuwa tafki ta gefen gonata ya wuce. Da kwamitin filaye ya zo ya kakkafa turakun siminti don shata burtalin, ina tsaye, har ruwa na ba ma'aikatan. Damina ta biyu, ranar kasuwa da tsakar rana, gari ba kowa, na tone turken da ke wajena, na ɗaura wa jaki ya ja shi taku ashirin cikin burtalin. Kunyar shuka kaɗan nake so in ƙara wa gonata. Maƙwabtana suka ga gerona ya shiga, su ma suka bi layi.

Dikko ya kai ƙara Tanut. Aka ce masa burtali na nan a takarda. Ya ɗaukaka ƙara, ya yi ta zirga-zirga da takarda naɗe a cikin rawani, wadda ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba. A ƙarshe aka turo masu sake dubawa. Suka miƙa igiyar awo daga turkena, suka ce komai daidai yake. Ina wurin. Dikko ya dube ni, na duƙa ina cire ƙarangiya daga wandona. Bai taɓa tada mini zancen ba har ya koma ga Allah, sai dai daga ranar bai sake ce mini bawansa ba.

Da zai tashi yau, da bai gane hanyar tafkin ba. Inda garke ke wucewa a da, yanzu saniya biyu ba sa jerawa. Bara ɗansa Buba ya kwana a hannun jandarmomi saboda ɓarnar da shanunsa suka yi a gona, ya sayar da bijimi kafin ya fito. Matasanmu sun fara zuwa gona da takobi. Ni da na gina ramin, ga shi ya fi ni tsawo.

Taku ashirin ɗin nan kuwa su ne suka fi ba da gero, kuma baki goma sha ɗaya ke ci a gidana. In na yi magana, gonakin maƙwabta ma za su tafi, ban san da wace fuska zan shiga masallaci ba.

Abin da Dikko ya bari shi ne taurin kai, Buba ya gada. Ya sake shigar da ƙara, an ce za a saurari dattawan da suka ga inda aka fara kafa turakun. Mu uku ne, biyu suna kushewa. Makon jiya ya same ni a gindin aduwa, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba Ari," in ji shi, "kafin Baffa ya rasu ya ce in an rasa shaida in zo wurinka. Ya ce kai ba ka mantuwa."