Kallon Gulbi Ranar Shuka

Ni 'yar manomi ce, don haka ba ni da bakin cewa ban sani ba. Ruwan shuka idan ya sauka da dare, da safe ake binsa gona, ba a ce masa sai gobe.

Shekarar da maigidana ya sayi motarsa ta farko muka zo gida daga Sakkwato, ni da shi da yaranmu biyu, ƙauyenmu da ke ƙasar Bukkuyum. Damina ta yi jinkiri, kowa idonsa na sama. Daren da muka sauka sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye ana ta yayyafi, na tarar da Baba a zaure ya jingine sungumi, irin geronsa yana cikin ƙwarya, sai murmushi yake yi shi kaɗai.

Maigidana ɗan birni ne, bai san dawa ba sai a tuwo. Ya taɓa jin ina ba yara labarin wani wuri ta wajen Anka, inda gulbi ke ratsa tsakanin duwatsu, ruwa ba ya ƙafewa ko da rani. Ya fito da kyamararsa a wuya, ya durƙusa ya gaida Baba.

"Baba, ga gari ya yi sanyi. Da za ka raka mu wajen duwatsun nan, tunda kai ka san hanya."

Baba ya dubi sungumi, ya dube ni. Wallahi ya dube ni. Kalma ɗaya ce ta rage gare ni: yau shuka. Amma ina son mutanen garinmu su ga ubana a gaban mota, kuma ina jin kunyar a ce gidanmu ba a iya ba baƙo yini guda. Na sunkuyar da kai ina gyara wa ƙaramin hula.

"To, Malam, mu tai," in ji Baba. Ina zai iya ce wa suruki a'a?

Duk hanya gonaki cike suke da mutane. Maza na gaba suna sara, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Maigidana yana ta cewa, "Kai, dubi kyau!" Baba yana ɗaga wa kowa hannu, ana mayar masa da kallon mamaki. Wani tsoho ma ya tsaya da sungumi a sama ya kwaɗa masa kira, "Lahiya dai? Asibiti za ku?"

Wurin kuwa yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Duwatsu baƙaƙe sun jiƙe suna ƙyalli, ruwa ja yana murɗawa a tsakaninsu, hazo ya rufe ƙwanƙolinsu. Yara suka yi ta ihu suna jifa da tsakuwa. Ruwa ya ƙaru, muka fake ƙarƙashin wani dutse muka buɗe kwanon dambu. Baba ba ya cin abinci gaban suruki, sai ya koma gefe ya tsuguna. Ina kallonsa ya damƙi ƙasa, ya matse, ya buɗe hannu ya duba, ya zubar. Can kuma ya sake. Na rufe kwanon dambun.

"Baban yara, mu koma haka nan," na ce.

"Haba, yanzu muka zo. Baba ma yana jin daɗi. Ko ba haka ba, Baba?"

"Ƙwarai, Malam."

A hanyar dawowa mota ta kafe a laka. Baba ne ya naɗe wando ya tura, da shi da wasu Fulani masu kiwo. Ba mu iso gida ba sai da aka yi magariba.

Washegari rana ta buɗe fayau. Baba ya yi shukarsa a ƙasar da ta fara shan iska, ruwa kuma ya ɗauke ƙafa ya daɗe bai dawo ba. Geron maƙwabta ya kafu ya jure, nasa rabi bai tsiro ba. Ba shi ya faɗa mini ba, Inna ce, ita ma sai da na matsa mata.

Da kaka, kamar kowace shekara, direban motar kasuwa ya sauke mana buhun gero daga Baba. Maigidana ya yi ta murna, ya ce a dama masa fura. Na kwance bakin buhun na zura hannu. Geron Baba na san shi tun ina yarinya, manyan ƙwayoyi ne, tas, don Inna ba ta barin tsakuwa ko ɗaya. Wannan gauraye yake, ƙanana da manya, har da ƙaiƙayi. Na kasuwa ne. Saya ya yi ya aiko mana, don kada surukinsa ya gane.

Na dama furar na kai masa. Ya kurɓa, ya lumshe ido ya ce, "Ai geron Baba daban ne."

Na ce, "Daban ne," na koma kicin na rufe ƙofa.