Dutsen da Ban Hau Ba

An kwana biyu da yin abin, wataƙila wasu bayanan sun cakuɗe mini, amma ga yadda nake tunawa.

Shekarar da muka gama jami'a, ni da abokaina biyu muka yi booking za mu je hawan dutsen Kilimanjaro. Su suna ta neman takalma, ni kuwa ina ta karance-karance a kan cututtukan da ke kama mutum in ya hau sama sosai. Iska tana ƙaranci, kai ya yi ta sarawa, wani ruwa ya taru masa a huhu, wani ƙwaƙwalwarsa ta kumbura. A nan na ga cewa mai ɗauke da sikila a jininsa, ko bai taɓa ciwonta ba, saifarsa na iya samun matsala a can. Ni kuma ban san matsayin nawa jinin ba.

Na sami Mama a kicin, a gidanmu na unguwar Catford a Landan. Na ce, "Mama, mene ne genotype ɗina?"

Ta ajiye ludayi. "'Yar gidan waye?"

A wurinmu ba a tambayar genotype sai maganar aure ta taso. Na yi ta bayanin dutse, tana murmushi tana cewa, "To, Allah ya sanya alheri." Ranar Asabar sai ga gwaggonnina biyu daga Lewisham da kular waina. Babbar ta zaunar da ni.

"Ɗana, daina kwana-kwana. 'Yar Kano ce ko 'yar Kumasi?"

Ƙanwata da ke zaune a gefe ta yi dariya har da ƙwarewa.

Gwaji ya nuna AS nake, wato ina ɗauke da sikilar. Likitar, in ban manta ba, ba ta hana ni kai tsaye ba. Ta ce haɗarin ba lallai ya same ni ba, amma yana nan, kuma asibiti da nisa daga can. Na yi cancel. Na ɗauka zan ji haushi, sai na ji wani irin sanyi a raina.

Ranar da abokaina suka turo hoto daga ƙololuwa, leɓunansu duk sun tsage, gwaggonnin suka ce ni ma sai na hau wani abu. Muka kwashi shinkafa da zoɓo, har da Mama da ƙanwata, muka nufi tudun Greenwich da ke kusa da mu. A rabin hanya babbar gwaggo ta tsaya tana haki, ta ce a duba mata tata saifar. Sai da muka riƙo ta ni da Mama, muna dariya, muka kai sama.

Waɗanda aka yi abin a gabansu, in akwai inda na kauce, su sanar da ni in gyara. Ƙanwata dai ta riga ta ce kunun aya muka tafi da shi, ba zoɓo ba.