Linzamin da Na Gani Na Ce Ban Gani Ba

Bana shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar yayata Dije, wadda ta yi aure a Takur. Ba ni da ranar a rubuce, domin a lokacin ba ma rubuta rana. Na dai san an gama yankan gero, ba a taɓa dawa ba. Sunana Garba, wanzami ne ni a Dutse. Bokon nan da tsufana na koye shi a ajin manya, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Ban ɗauki alƙalami don in yabe ta kawai ba. Akwai abin da na yi mata, yau nake so in faɗe shi.

Ita ta goye ni, domin uwarmu ta rasu ina rarrafe. Auta take kirana har na yi gemu. Mace ce mai yawan dariya kafin abin da zan faɗa ya faru, kuma ba a yi mata ƙarya ta wuce, musamman ni.

Turawa ba su daɗe da zama a Kano ba aka fara bin garuruwa ana ɗibar maza ɗaukar kaya. Aka ɗebi Babanmu. Ya dawo da tari, bai ga damina ba. Ya bar mini zabirarsa da gidajensa. Yaran yanzu ba lalle su gane wannan ba: a wurinmu kowane gida da wanzaminsa, tun kakanni. Shi ke askin suna, shi ke duba jariri, kuma abin da ya faɗa ya zauna. Wani wanzami ba ya buɗe bakin ɗan gidan da ba nasa ba, ko da roƙonsa aka yi. Gidan mijin Yaya yana cikin gidajen Baba.

Na iya aski, na iya ƙaho, na iya cire beli. Abu ɗaya Baba bai koya mini ba, shi ne yankan linzami, wato ɗan zaren naman nan da ke ƙarƙashin harshe, wanda a wasu jarirai yakan zo gajere ya ɗaure harshen da ƙasan baki. Baba yakan ce shi ake koya wa mutum a ƙarshe, saboda akwai jijiyoyi biyu a gefensa, in aska ta kauce jini ba ya tsayawa. Ya tafi bai kai ƙarshen ba. Ni kuwa ban gaya wa kowa ba. Ina da sabuwar mata, ga ƙannen Baba suna kallona su ga ko zan iya riƙe zabirar. Na ɗauka in na ce akwai abin da ban iya ba, gidajen za su watse.

Sai Yaya ta haifi ɗanta na fari, Sule. Ranar suna uwar mijinta, wadda kowa ke kira Iya, ta fito mini da shi zaure. Ta ce, "Wanzam, duba mini bakin mijin nan nawa, kwana bakwai yana kama nono yana saki, sai kuka kamar ana yanka shi." Na sa yatsa na ɗaga harshen. Bai ɗagu ba. Zaren yana nan fari, ya kamo har kusa da tsinin harshen, ya ja tsakiyarsa ya yi ɗan lotsawa. Ko makaho ya shafa zai gane. Maza sun cika zauren, askar Baba tana hannuna. Na ce, "Bakinsa lafiya lau, Iya."

Maganar ke nan, ba ta fi haka ba. Amma tunda wanzamin gida ya wanke bakin yaro, saura wa? Sai uwa.

Kwana uku bayan suna aka yi gwajin nono. Aka tatsa a ƙoƙo, aka kamo tururuwa aka jefa a ciki, mata suka kewaye suna kallo. In ta fita, nono lafiya. In ta mutu, nono yana da dafi. Tururuwar ta yi ta juyawa har ta daina motsi. Aka raba Yaya da ɗanta. Aka samo nonon akuya ana ɗura masa da ɗan ƙaramin ludayi, kuma da yake ɗurawa ba ta bukatar tsotso, sai yaro ya fara ƙiba. Iya ta ce to ga shaida. Daga ranar sunan Dije ya ɓace a Takur, sai "mai mugun nono". Aka yi ta dafa mata sassaƙe mai ɗaci. Nonon ya cika ya kumbura, ta yi zazzaɓi, tana jin kukan ɗanta a ɗakin Iya ba ta da ikon ɗaukarsa. In aka yi haihuwa a unguwa ba a miƙa mata jariri, wai kada ta sa shi a ƙirji.

Duk ina gani. Kowace Juma'a nakan je aski gidan, in wuce ta tana daka, in gaishe ta ina kallon turmi. Kullum nakan ce wa kaina zan faɗa, sai in ga jiya ya fi sauƙi, yau ya yi nauyi. Da na faɗa ranar suna, sai a ce wanzamin yaro ne bai iya aiki ba. Bayan wata shida kuwa, mutum ne da ya bar 'yar'uwarsa a wuta yana sane. Kowace rana ƙofar tana ƙara ƙanƙancewa, har na daina ganin ta.

Bayan shekara uku ta haifi mace. Na duba bakin, wannan karon da gaske lafiya yake. Amma hukunci ya riga ya zauna, ko sau ɗaya ba a bari ta sa ta a nono ba. Rani ne, awaki sun ƙafe. Yarinyar ba ta cika wata biyu ba. Ni na yi mata aski, kuma ina cikin waɗanda suka kai ta.

Wata rana da hantsi sai ga Yaya a gidana, riƙe da hannun Sule, yana ɗan shekara biyar, maganarsa a dunƙule ba a cika ganewa ba. Ba ta zauna ba. Ta ce jiya miya ta ɓata masa leɓen sama, ta ce ya lashe, ya kasa fito da harshe, shi ne ta buɗe bakin ta duba. Ta ce da yaron, "Buɗe wa kawunka." Ni ban duba ba. Ta ce, "Auta, ɗago ka kalle ni. Ka gani ranar suna?" Na ce na gani. Ta ce, "Baba bai koya maka ba ko?" Na ce bai koya mini ba. Sai ta ce, "Kai, Auta. Da ni ka raɗa wa, ai da na san yadda na yi. Ni da na wanke maka kashi, me za ka ɓoye mini?"

Ba ta zage ni ba, ina ma ta zaga. Abu biyu ta nema. In kai yaron inda za a sake masa harshe, kuma in je da bakina in gaya wa Iya. Ta ce, "In ni na faɗa za a ce mai mugun nono tana neman wanda za ta shafa wa. Kai ne wanzami. Kuma ina da ciki, Auta. Wannan ina so in shayar da shi da kaina."

Na farkon na yi. Na ɗauki Sule a jaki muka tafi Ringim, inda babu wanda ya san gidan wa ya fito, wurin wani tsohon wanzami abokin Baba. Ya naɗe yaron a zane, ya ɗaga harshen da yatsu biyu, ya nuna mini jijiyoyin, ya nuna mini farin wurin da babu jini, ya taɓa da bakin aska. Jinin bai cika cokali ba. Kafin la'asar Sule yana tsotsar dabino yana zaro mini harshe. Tsohon ya ce, "Ɗan Wanzam, wannan ne ka kasa tambaya shekara biyar?" Abin da ya ci ran 'yar Yaya ke nan, aikin da bai kai tsawon atishawa ba.

Na biyun ne ban yi ba. A Takur na ce rubutun sha aka ba shi a Ringim bakinsa ya buɗe. Na ce wa Yaya ta bari a yi shuka. Aka yi shuka na ce a gama noma. Duk lokacin da muka haɗu takan ce, "Auta, cikin fa ba ya jiran ka." Na tsai da Juma'ar da zan faɗa, ranar Laraba naƙuda ta kama ta. Ba ta tashi ba, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. A wurin zaman makoki na ji wata tana cewa Allah ya hutar da jaririn.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Ringim, tafiyar da muka yi a jaki mota tana yin ta kafin azahar, an buɗe ɗakin magani, ga ƙaninta yana rubutu a jarida. Ina jin za ta yi dariyar wannan na ƙarshen. Amma da ta leƙa Takur watan jiya da ba ta yi dariya ba. Rabi, 'yar Sule, ta haihu a gidan ubanta, yaron yana kama nono yana saki, tsofaffin gidan suka ce ai jikar mai mugun nono ce, abin a jini yake. Har an wanke ƙoƙo.

Na je da sandata, tare da babban ɗana wanda na koya wa linzami tun kafin in koya masa aski. Rabi ta ce, "Tsoho, da wannan hannun naka mai rawa za ka taɓa mini ɗa? Na fasa auren." Na ce ba ni zan yanka ba, ni faɗa na zo yi. Na ɗaga harshen, ga zaren nan irin na kakansa sak. Ɗana ya yanka, aka miƙa mata shi, ya kama bai saki ba, har muna jin haɗiyarsa. A tsakar gidan nan, a tsaye, na faɗi duk abin da na rubuta a nan. Sule, da furfurarsa, ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Kawu, ni na yafe nawa. Nata kuwa ba a hannuna yake ba."

Gaskiya ya faɗa. Iya ta rasu, matan da suka kewaye ƙoƙon nan duk sun rasu, kowace ta tafi da abin da ta sani. Waɗanda na gaya wa, ban da Sule, ba su san fuskar Yaya ba. Abin da ya rage nata a duniya shi ne Sule, da Rabi, da ɗan nan mai haɗiya, sai kuma wancan suna, wanda ya fi ta daɗewa. Shi ya sa na rubuto. Na san ana karanta jarida da ƙarfi a ƙofar gidaje, har a Takur. Wanda ke karantawa, don Allah in ka zo nan ka ɗaga murya: sunanta Dije, nononta lafiya lau yake, wanzaminta ne ya yi ƙarya. Allah ya jiƙan ki, Yaya. Na faɗa, amma cikin bai jira ni ba.