Karan Awon Man Kawu Tanimu

Duk wanda ya taɓa haɗa wasa da Kawu Tanimu mai kalangu ya san karan nan. Guntun karan dawa ne, bai wuce kamu ɗaya ba, kullum yana soke a jakar kalangunsa. In an iso filin wasa ba ya gaisawa da kowa sai ya nufi janareto, ya buɗe tanki, ya tsoma karan, ya zaro, ya sa farce ya yi alama inda mai ya tsaya. In an tashi ya sake tsomawa. Masu ba da hayar janareto a Daura har suna suka raɗa masa, Manajan Gidan Mai.

Wani cikinsu ya taɓa ce masa, "Haba Malam Tanimu, ga agogon mai nan a jikin injin."

Ya ce, "Agogon nan bai san ni ba, ni ma ban san shi ba. Kara kuwa a gonata na karyo shi."

Ni ne Sabi'u, ɗan ƙanwarsa Hajo, kuma sana'ata haɗa wasa. Ni ke kama fili, in kewaye shi da zana, in ɗauko kujeru da lasifika da janareto, in sa mai yankar tikiti a ƙofa. Ka'idarmu da makaɗa sananniya ce: liƙi nasu ne, kuɗin ƙofa kuma a fid da abin da aka kashe, saura a raba biyu. Kawu ba ya cewa abin da aka kashe, sai dai ya ce wahala. "A fid da wahala tukuna," haka yake buɗe kowane rabo. Inda ya bambanta da sauran makaɗa shi ne, su sai an ba su kafin alƙalami, a cika ko a watse su dai sun ci. Shi ko ya ce tunda ana cin riba da shi, in an faɗi ma a raba da shi. Da farko mun ɗauka wasa yake.

Su biyar ne a ƙungiyarsa, amma in ya shimfiɗa hula zai raba rabonsu, kashi shida yake yi. Na shidan na kalangu ne, da shi ake sayen fata da tsirkiya. Akwai wani mai haɗa wasa da ya zo daga Katsina da takardarsa da bironsa, ya ce shi a lissafinsa mutum biyar ya gani, kuma kalangu ba ya cin tuwo. Kawu bai yi musu ba. Da lokacin wasa ya yi, sai ya ɗora kalangun a kan kujera, ya gyara masa zama, shi kuma ya hau tafi da hannu yana waƙa. Mutane suka fara neman a mayar musu da kuɗinsu. Mutumin ya rugo yana gumi, "Malam Tanimu, mene ne haka?"

Kawu ya ce, "Ka ce ba ka ɗauke shi aiki ba. Kallo ya zo yi, ni ma na biya masa kuɗin ƙofa."

A Baure kuwa, babban baƙon wasan ne ya karɓi makirfo zai ce kalma biyu. Ya gode wa iyayensa, ya gode wa malaminsa na firamare, ya shiga labarin yadda ya fara fataucin raguna. Kawu ya dubi rana, ya dubi janareto, ya tashi a hankali ya je ya kashe shi. Wuri ya yi tsit, ni kuwa kamar in nutse. Sai ga muryarsa daga bayan zana: "Ci gaba, Alhaji, muryarka ta kai ko'ina. Jawabi kyauta ne, mai ne dai da kuɗi." Alhajin ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, kuma ranar ya fi kowa liƙi.

Waɗannan duk kun san su, kun sha ba da su a majalisa. Na Sandamu ne ba ku sani ba sai rabi, kuma don shi na zauna rubuta wannan.

Wasan bayan Sallah ne da ya faɗo a damina. Na zuba duk abin da nake da shi. An buɗe ƙofa bayan La'asar, mutane sun fara shigowa, Kawu ya yi waƙa ɗaya ya kama ta biyu, sai hadari ya taso daga gabas. Kafin ka ce me, zana ta kwanta, kowa ya ruga, waɗanda suka yanki tikiti suka taru a kaina na mayar musu da kuɗinsu. Muka fake a wata rumfa, kowa sharkaf.

Kawu ya cire hula ya matse ta ya ce, "To, ɗan Hajo, a fid da wahala. Yau ita kaɗai za a raba."

Na fara lissafi. Da na zo kan mai, na ce galan uku muka ƙone. Wallahi ko ɗaya bai ƙare ba, injin bai yi rabin awa yana aiki ba. Na ga jarina a cikin taɓo ne, zuciya ta ce ƙara, na ƙara. Tunda bakina ya buɗe, sai na ɗora wa kuɗin kujeru ma.

Karan yana hannunsa, ya riga ya tsoma shi karo na biyu kafin ya shigo rumfar. Na manta da wannan sam. Ya dubi alamar farcensa, ya dube ni. Yaransa huɗu suna tsaye suna jira. Sai ya karya karan ya jefa cikin ruwa.

Ya ce, "Karan nan ya jiƙe, yau ba ya faɗin gaskiya. Galan uku ne."

Ya biya rabin faɗuwar da na ƙirƙira, daga kason kalangu da ya tara. Duk kakar nan da facin fata ya yi kiɗa, ana ta tsokanarsa wai kalangunsa ya kamu da mura. Har da ni a masu dariya.

Daga ranar bai sake tsoma kara a wasana ba. A wasan kowa yana yi, ban da nawa. Ni ma ban sake ƙara ko kwabo ba, amma ban taɓa buɗe baki na faɗa ba. Abin da ya fi muni, sai na mai da shi abin alfahari, ina gaya wa abokan sana'a cewa duk Daura ni kaɗai Kawu ya yarda da ni.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ran sadakar uku ma na maimaita wannan a ƙofar gidansa. Ilu, babban ɗan amshinsa, ya bari aka watse, ya ja ni gefen dakali.

"Sabi'u, daina faɗin haka, don Allah. Ba yarda ba ce."

Na ce, "To mece ce?"

"Na taɓa tambayarsa. Ya ce, 'Ilu, in na sake auna yaron nan na ga irin na Sandamu, ko dai in kunyata ɗan Hajo a gabanku, ko in sake yi wa kara ƙarya. Na yi guda ɗaya, ta ishe ni zuwa kabari.'"

Mutumin da ya kashe wa Alhaji janareto a gaban jama'a don kada a zalunci yaransa da lita ɗaya, ni na sa shi ya yi ƙarya, kuma ya kwana da ita shekara da shekaru ni ina yawo ina taƙama.

Jiya na tara su Ilu, na shimfiɗa hulata, na gaya musu abin da suka riga suka sani. Na ajiye kuɗin da na ƙara a Sandamu, ninki biyu. Ilu ya raba shi kashi shida ba tare da an ce masa ba. Kason Kawu aka kai wa iyalinsa, na kalangu kuma aka ba da shi a sa masa sabuwar fata, ko da yake yana rataye a ɗaki ba mai kaɗawa.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu Tanimu, ka haskaka kabarinsa, ka yi masa rabo ba tare da awo ba. Ƙaryar nan ta Sandamu ba tasa ba ce, tawa ce, kada ka tambaye shi ita. Amin.