Allin Malam Haladu a Jikin Tayoyina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, Allah Ya yi wa Malam Haladu mai faci rasuwa a gidansa da ke Wudil, bayan ciwon ƙirji na ɗan lokaci. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma duk sahun babu wanda ya fi ni jin kunya.

Malam Haladu, ni ne Garzali, direban motar asibitin tafi-da-gidanka da ke kwana kusa da rumfarka. Wanda bai san ta ba, doguwar mota ce mai taya shida, biyu a gaba, huɗu a baya. A cikinta akwai gadon duba marasa lafiya, da firijin rigakafi, da tankin ruwa, da ɗan lungun da nake shimfiɗa katifata. Iyalina suna Azare, sai bayan wata biyu nake leƙa su. Shekara bakwai motar nan ce ɗakina, kai kuma maƙwabcina, kuma in za a faɗi gaskiya, ban da kai ba ni da kowa a garin nan.

Ba ka taɓa jira in kawo maka mota ba. Kai ne kake zuwa bayan sallar asuba, geji a aljihu, kwanon koko a hannu, domin ka ce ba a auna iskar taya sai tana da sanyi, tun ba ta taka kwalta ba. Mu direbobi mun saba da harbin taya da ƙafa mu ce ta yi. Kai kuwa dariya kake mini, kana tambayata tun yaushe ɗan yatsana ya koyi karatu. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka kwanta a ƙasa da tsufanka don ka kai ga bawul ɗin tayoyin ciki, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ka auna sai ka rubuta lambarta da alli a jiki. Daga nan mu zauna mu sha koko.

Na tuna ranar da muka dawo daga Dagumawa cikin zafin bazara, tayoyi kamar an ciro su daga murhu. Na sunkuya zan rage wa ɗaya iska yadda na ga ana yi a tasha, ka riƙe mini hannu. Ka ce zafi ne ya kumbura ta, in na rage yanzu, gobe da safe zan tarar da ita a kwance. Ka kuma ja mini kunne kan cika tankin ruwa har baki, ka ce nauyin ba a kaina yake sauka ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro. A watan Maris muna da rigakafi a Ɗankaza, mun makara, Malama Radiyya shugabar ma'aikatan jinya tana ta duba agogo. Ka fito daga ƙarƙashin mota ka ce tayar ciki ta hagu ta sauka sosai, ba za a tafi ba. Na harbi tayar waje, na ji ta tsam, na ce lafiyarta ƙalau. Ka ce ta wajen ce ke ɗauke da nauyin biyu, kuma ba za ta kai mu ba. Raina ya ɓaci, na ce a gaban kowa, "Kai faci ka sani, ni ne direba."

Ka zagaya gaban mota ka zauna a ƙasa, ka ce, "To direba, bismillah."

Malama Radiyya ta sa aka kwance tayar. Ƙusa ce doguwa, gefen tayar kuma ya fara tsagewa. Mutum biyar zan ɗauka a ranar, kan hanya mai ramuka. Kowa ya gode maka, ban da ni.

Girman kai ya hana ni. Daga ranar, in na dawo daga masallaci sai in shige mota in rufe ƙofa. Amma ba ka fasa zuwa ba. Ina kwance ina jin takunka, ina jin hucin geji sau shida, ina jin nishinka lokacin da kake miƙewa daga ƙasa. In na fito, sai in tarar da sabon alli a jikin taya da kwanon koko a rufe a kan matakala. Wata biyu cur ina shan kokonka ban ce maka sannu ba. Kullum cewa nake gobe zan buɗe ƙofa. Ranar Laraba na kwanta ina sauraro har rana ta fito, ban ji komai ba.

Ranar sadakar uku, mai ɗakinka Hansai ta aiko a kira ni zaure. Daga bayan labule ta miƙo mini gejinka da guntun alli a ƙulle cikin tsumma. Ta ce, "Malam Garzali, ya ce in ta Allah ta kasance a ba ka. Ya ce kada ka manta da ta ciki." Na tambaye ta ko ya taɓa ambaton abin da na yi masa. Ta ce ita dai abin da ta sani, kullum sai ya ce a ƙara ludayi ɗaya saboda direba.

Yanzu ni nake kwanciya a ƙasan motar. Bayana na ciwo, kuma sai yanzu na san abin da kake sha. In na gama babu wanda zan gaya wa lamba, babu wanda zai yi mini tsiya. Ina kewarka ƙwarai, Malam. Ka yafe mini, ko da yake na san na makara da faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hansai, da 'ya'yanka Khaulat da Lukman, da masu faci na bakin gada, da direbobin da ka hana tafiya suka zage ka suka kuma isa gida lafiya. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka, Ya ba iyalinka haƙurin rashi.

Lambobin da ka rubuta ranar Talata suna nan, ban bari an wanke motar ba. A ƙasansu nake rubuta nawa. Amma yau da la'asar na ga hadari ya haɗo daga gabas.